Wankan janaba da leda a ƙafa: a kan me ake shafa?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗan kabu-kabu ne a Mabera, nan Sakkwato. Salansar mashin ta ƙona ni a ƙwauri, ciwon ya ƙi warkewa har ya zama gyambo, yanzu bayan kwana bibbiyu nake zuwa asibiti wankin ciwo. Nas ta ce kada in bari ruwa ya taɓa bandejin, don an gano ina da ciwon suga. Saboda haka in zan yi wanka sai in zura ƙafar cikin babbar leda, tun daga tafi har ƙasan gwiwa, in ɗaure da roba. In wankan janaba ne sai in shafa hannu a kan ledar, in na gama in cire ta. Wani abokina mai karatu ya ce wankana bai yi ba sai na haɗa da taimama, kuma tunda ba ni da alwala sa'ad da aka naɗa bandejin, duk sallolin nan sai na rama su bayan na warke. Ina da iyali, Malam, abin ya dame ni ƙwarai.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ka lafiya, ɗana, Ya sa wannan ciwo ya zama kankarar zunubi.

Wankanka yana da gyara, amma ba a wurin da abokinka ya nuna maka ba. Matsalar tana ga ledar.

Maganar nas ka riƙe ta. Wanda ya san aikinsa ya ce ruwa zai ƙara ciwo ko ya jinkirta warkewa, wannan uzuri ne karɓaɓɓe a shari'a. Shaihu Halil a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya jera abin mataki-mataki: in ana tsoron wanke ciwo sai a shafe shi, in ba zai shafu ba a shafi maganin da aka rufe shi da shi, in shi ma ba hali a shafi abin da aka naɗe shi da shi. Kai an hana ka buɗe ciwon, ka ga ke nan hukuncinka ya sauko kan bandeji. A nan ya tsaya. Ba a wucewa mataki na gaba sai na baya ya gagara, kuma shafa bandejinka bai gagara ba, tunda da hannunka kake cire ledar kana gama wanka. Ko da ma an ƙaddara shafar ledar ta yi, ai cire abin da aka yi shafa a kansa yana tafiya da shafar. Kana kwance roba, shafarka ta bi ledar.

Abin da ya fi wannan girma shi ne girman ledar. Ka ce daga tafi har ƙasan gwiwa. To gyambon da bandejinsa nawa suka ci a wannan wuri? Wataƙila faɗin tafin hannu, ko ya ɗara kaɗan. Sauran fa? Yatsu, dunduniya, idon sawu, sha-raɓa, da fatar da ke tsakanin bakin bandeji da inda ka ɗaura roba, duk lafiyayyu ne, kuma game jiki da ruwa da cuɗawa farilla ne a wanka, kamar yadda ka ji tun kana karatun Ahlari. Fatar da bandeji ya hau kanta don ya sami wurin kamawa an yafe ta, shafa ta wadatar. Fatar da leda ta rufe don ta sauƙaƙa maka wanka ba a yafe ta ba.

Ga yadda nake so ka riƙa yi. Ka sami kujera 'yar tsugunno ka zauna, ka ɗora ƙafar a kan bokiti kifaffe yadda ba za ta zauna cikin ruwan da ke kwance a ƙasa ba. Ka yi niyya, ka fara da wannan ƙafar kafin ka sa leda. Ka riƙa ɗibar ruwa da tafin hannu kaɗan-kaɗan kana wanke ƙasan bandeji har tsakanin yatsu, sannan samansa, kana karkata ƙafar yadda ruwa zai zuba gefe, kada ya gangaro wa ciwon. Wankewa ita ce ruwa ya gudana a kan fata tare da cuɗawa, ko da kaɗan ne, ba sai an kwara moɗa guda ba. Sannan ka tsoma hannu a ruwa, ka yarfe shi sosai, ka bi kan bandejin sau ɗaya, ka game shi duka, gaba da baya. Ka tsane ƙafar da tawul, ka sa ledarka, ka yi sauran wankanka. Jeranta gaɓoɓi ba farilla ba ne a wanka, kuma ɗan lokacin ɗaura leda ba ya yanke shi. Kana iya barin ƙafar sai ƙarshe, ya halatta, sai dai na fi son farawa da ita, domin mutum in ya gama wanka jikinsa na ɗiga yakan yi sauri, ko ya manta, ko ruwan cinya ya zubo wa bandejin da ya wahala yana tsarewa.

Danshin hannun da aka yarfe ba ya ratsa naɗin bandeji mai kauri. Duk da haka ka nuna wa nas ɗin yadda kake yi. In ta ce abin da ta sa siriri ne, ko danshi ba ya so, sai ta ƙara maka naɗi ɗaya a sama wanda zai zauna tare da shi, ka riƙa shafa a kan wannan. In kuma irin filastar nan ce da ruwa ba ya shiga, wadda ake mannawa ta kwana biyu ko uku, ita ce ɗaurin ciwon, a kanta za ka shafa.

Alwala ba ruwanta da ƙwauri. Muddin bandejin bai sauko ya rufe idon sawu ba, wanke ƙafarka kamar kowa.

Yanzu maganar abokinka. Ba daga kansa ya ƙago ta ba, ra'ayin Shafi'iyya ne: a wanke lafiyayyen wuri, a shafi ɗauri, a ƙara da taimama, kuma a wurinsu akwai yanayin da ake rama salla in an ɗaura ba da tsarki ba. Malamai ne manya, muna girmama su. Amma hujjar ba ta kai ta ɗora maka wannan nauyi ba.

Madogararsu hadisin Jabir ne da Abu Dawuda ya ruwaito, na mutumin da dutse ya fasa wa kai a tafiya, ya yi mafarki, abokan tafiyarsa suka ce ba su ga yana da sauƙin taimama ba, ya yi wanka ya mutu. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi fushi ya ce sun kashe shi, me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba. A ƙarshen wannan ruwaya ne aka ce da ya ishe shi ya yi taimama, ya ɗaure ciwon da ƙyalle, ya shafa a kai, ya wanke sauran jikinsa. Wannan ƙarin ta hanyar Zubairu ɗan Huraiƙ kaɗai ya zo daga Aɗa'u, kuma Daraƙuɗni ya kawo a Sunan ɗinsa cewa Zubairu ba mai ƙarfi ba ne, Auza'i kuma ya saɓa masa, ya ruwaito ƙissar daga Aɗa'u daga Ibn Abbas, babu wannan haɗin a ciki. Baihaƙi, wanda shi kansa babban Bashafi'e ne, ya ce babu abin da ya tabbata daga Annabi a wannan babi, amma ya inganta aikin Abdullahi ɗan Umar, wanda ya yi alwala da ɗauri a hannunsa, ya shafa a kai ya wanke sauran. Ba a ce ya ƙara da taimama ba.

Ta fuskar hankali ma, taimama tana tsayawa ne a madadin ruwa in ruwa ya gagara. Shafa kuma ta riga ta tsaya a madadin wanke wurin ciwon. Gaɓa ɗaya, an biya mata da shafa, a kan me za a sake biya da ƙasa? Inda Halil ya ambaci haɗa su biyun wata mas'ala ce daban, ta wanda ko taɓa wurin ba zai yiwu ba, kuma ko a can ɗaya ne cikin zantuka huɗu. Kai hannunka yana kaiwa kan bandeji lafiya lau.

Sharaɗin tsarki kuwa an ɗauko shi ne daga huffi, wato safar fata da ake shafa a kanta a alwala, alhali ba su yi kama ba. Huffi mutum yana sa shi da ganin damarsa, a lokacin da ya zaɓa. Ciwo ba ya sallama. Wanda aka kwaso daga kan titi jini na zuba, wa zai ce a dakata da ɗauri sai ya yi alwala? Shi ya sa Halil ya faɗa ƙarara cewa ana shafa ko a wanka ne, ko an ɗaura ba da tsarki ba. Shafar ba ta da adadin kwanaki, iyakarta warkewa. Babu sallar da za ka rama saboda rashin taimama ko rashin alwala ranar ɗauri. Ka gaya wa abokinka haka cikin mutunci, don alheri ya nufe ka da shi.

Ramuwar da ke kanka ta wani dalili ce. Wankan janabar da ka yi da leda ya bar ƙwauri da sha-raɓa ba wanki, bandeji ba shafa. Ka sake wanka yau yadda na kwatanta, ka kirdado sallolin farilla da ka yi tun daga wancan wankan na farko, ka rama su gwargwadon ikonka ba tare da sakaci ba. Laifi babu a kanka in sha Allahu, ƙoƙari ka yi.

Akwai abu ɗaya da mutane da yawa ba su lura da shi. A mazhabarmu ta Malikiyya, in an cire bandejin da ka yi shafar wanka a kansa aka sa sabo, sai ka sabunta shafa nan take. Ranar wankin ciwo ka tafi da ruwan leda ɗaya a aljihu, ana gama naɗi ka jiƙa hannu ka yarfe ka shafa da niyya. Hanafiyya suna ganin shafar ba ta ɓaci matuƙar ciwon bai warke ba, saboda haka ranar da ta kuɓuce maka kada waswasi ya cinye ka. Ranar da aka sallame ka aka cire ɗauri gaba ɗaya, ka wanke wurin da niyyar ɗauke janaba kafin sallar da ke tafe.

Robar nan da kake ɗaurewa da ita ba ta kwanta mini ba. Mai ciwon suga jini ba ya isa ƙafarsa yadda ya kamata, sau da yawa kuma jin ƙafar yana raguwa, sai roba ta shaƙe ta bai sani ba. Ka naɗa ƙaramin tawul a bakin ledar daga ciki don ya tare ɗigo, ka kama ta da filasta ko ƙyalle mai faɗi. Kana gamawa ka cire. A zafin Sakkwato, da ke wuce digiri 40 a watannin bazara, ƙafa a cikin leda gumi take yi, gumin kuwa zai jiƙa bandejin daga ciki kamar yadda ruwa zai jiƙa shi daga waje, fata ta yi laushi, ƙwayoyin cuta su sami hanya. In bandeji ya jiƙe kada ka bar shi ya bushe a jikinka, je a canza ko ba ranarka ba ce. In ka ji wari, ko ka ga ruwan ciwo ya ƙaru, ko kumburi da ja suna hawa sama, ko zazzaɓi ya kama ka, wannan ba na jira ba ne, a ranar za ka tafi asibiti, ko na ƙwararru ko na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kada kowa ya sa ka barbaɗa toka ko garin kafso, ko ka shafa baƙin mai. Ka sha maganin sugarka a kan lokaci, don gyambon mai suga ba ya rufewa suga na sama.

Na san da mashin kake ciyar da gida, ba zan ce ka ajiye shi ba in babu wata hanya. Amma ka rage yini a kansa, ka sa wando mai kauri ya kare bandejin daga ƙura, in ka dawo ka ɗaga ƙafar a kan matashi. Kuma kada wahalar wanka ta sa ka ƙaurace wa iyalinka. Halal ɗinka ce, haƙƙinta ne, wankan kuma ga yadda za ka yi shi.

Allah ne Mafi sani.