Ya Kira da Sunan Banki Ya Kwashe Kuɗin Adashi: Ina Mafita?

Tambaya: Barista, assalamu alaikum. Ni uwar adashi ce a Kubwa, ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Wuse. Ranar Juma'a bayan la'asar wani ya kira ni, ya faɗi cikakken sunana, ya ce daga bankina yake, wai BVN ɗina ya samu matsala, in ba a gyara kafin ƙarfe biyar ba za a rufe asusuna. Hausarsa tas, ga ladabi, har yana ce min Mama. Na karanta masa lambobin katina, sai saƙo ya shigo da lambobi shida, ya ce in karanto masa. Kafin in ajiye waya alat uku sun shigo, naira dubu 640 sun fita. Dubu 500 a ciki kuɗin adashi ne, kwasar wata baiwar Allah mai shirin aurar da 'yarta. Na je banki ranar Litinin, suka ce ai ni na bayar da lamba da bakina. Mai kwasa kuma ta ce za ta kai ni wajen 'yan sanda. Ko maigidana bai sani ba. Kuɗin nan zai dawo? Za a iya kulle ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri. Bari in fara da abin da ke hana ki barci: a idon doka ke aka cuta, ba ke kika yi cuta ba. Abin da ke tsakaninki da 'yan adashinki maganar bashi ce, kuma Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda ke aiki a nan Abuja, ta hana a sashe na 8 a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta maimaita wannan. Sai dai mai kwasa tana iya zuwa caji ofis ta ce ke kika cinye kuɗin kika ƙirƙiro labarin waya, wato ta mayar da maganar ta zama cin amana, wanda shi laifi ne. Abin da zai wanke ki ranar nan takarda ce: bayanan asusunki da ke nuna inda kuɗin suka tafi, da ƙorafin da kika rubuta wa banki, da rahoton da ke da kanki kika riga kika kai wa 'yan sanda. Saboda haka ki riga ta zuwa.

Wanda ya kira ki kuwa ya taka dokoki fiye da ɗaya. Mutane na ce musu 'yan 419, lambar da aka ɗauko daga kundin laifuka na Kudu. Mu a Abuja kundin laifuka na Arewa, wato Final Kod (Penal Code), ke aiki, kuma zamba tana sashe na 320. Amma sandar da ta fi zafi ita ce Dokar Damfara ta 2006: duk wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar ƙarya, ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai wuce 20 ba, kuma babu zaɓin tara. Dokar ta kuma wajabta wa kotu ta umarce shi ya mayar da abin da ya ci. Ga kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024, wadda ta hukunta yin sojan gona da sunan wani da yaudarar mutane su bayar da lambobinsu na sirri. Ta fuskar hukunci dai doka ba ta yi sake ba.

Amma ba ɗaure shi ne damuwarki ba, kuɗinki kike so. A nan dole in faɗa miki gaskiya ko da ɗaci. Dawowar kuɗin damfara ta fi dogara da awanni, ba da sassan doka ba. Ba banza ya zaɓi yammacin Juma'a ba. Ya san ƙofar banki na gab da rufewa, ya san da yawanmu za mu ce bari Litinin ta yi. A cikin kwana biyun nan kuɗin kan fita daga asusun farko, a rarraba su zuwa asusu uku ko huɗu da aka buɗe da sunayen wasu, a cire a wajen masu POS, ko a sayi katin waya da su. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun 2015 Babban Bankin Najeriya ya umarci kowane banki ya kasance da sashen yaƙi da damfara mai aiki dare da rana, har Asabar da Lahadi, mai iya tuntuɓar bankin da kuɗin suka faɗa a dakatar da fitarsu. Lambar kiran bankin na nan a bayan katin ATM. Ban faɗi wannan don in ƙara miki ciwo ba. Na faɗa ne don sau da yawa ana samun ragowa a wani asusun ko bayan kwanaki, kuma kowace safiya da ta wuce ragowar na ƙara ƙanƙancewa.

Gobe da safe ki koma banki, amma wannan karon ba da baki ba. Ki rubuta wasiƙa zuwa ga manajan reshe, kwafi biyu. Ki sa ranar da abin ya faru da lokacinsa, lambar da ta kira ki, adadin kowane cira, da lokacin da kika fara sanar da su. Ki nemi abu huɗu a fili: su toshe katin da manhajar banki da ke wayarki, su sanar da bankunan da kuɗin suka shiga, su ba ki bayanan asusu da ke ɗauke da lambar shaidar kowace tiransifa, su kuma ba ki lambar bin diddigin ƙorafinki. Kada ki bar gaban kantar nan sai an buga wa kwafinki hatimi da kwanan wata. Na taɓa zama da wani dattijo mai sayar da katako a Dei-Dei da ya yi sawu biyar zuwa bankinsa, kullum a ce masa ana kan bincike. Da muka rubuta, sai aka ce babu wata shaida a rubuce cewa ya taɓa kawo ƙorafi. Har yau ina tuna yadda ya zaro 'yar takardar layi da aka ba shi a ƙofa, ta yi laushi don ninkewa a aljihu, ita kaɗai ce shaidarsa. Hatimin nan na roba shi ne bambancin mai magana da mai hujja.

Maganar da suka faɗa miki, cewa ke kika bayar da lamba, tana da nauyi, ba zan ɓoye miki ba. A takardun da kika sa wa hannu ranar buɗe asusu akwai sharaɗin cewa sirrin lambobinki na wuyanki, kuma kotu na duba wannan. Amma ba nan zancen ya ƙare ba. Banki ma na da nasa nauyin kula da dukiyar mai ajiya. Akwai tambayoyin da lauya zai yi musu: an cire fiye da iyakar da kika saba ko kika amince da ita a rana? An ɗaura asusunki a wata sabuwar waya ba tare da tantancewa ba? Wani kuɗi ya sake fita bayan kin sanar da su? Da kika sanar, sun tuntuɓi ɗaya bankin nan take ko sun kwanta a kan maganar? In amsar ɗaya daga cikinsu ta nuna sakaci, kina da abin riƙewa. In sati biyu suka cika ba su warware ba, ko amsarsu ba ta gamsar da ke ba, ki kai ƙorafi Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, tare da kwafin wasiƙarki mai hatimi. Ba a biyan ko sisi, kuma ba sai da lauya ba.

Daga banki ki wuce ofishin 'yan sanda na yankinku ki bayar da rahoto, ki karɓi shaidar cewa kin bayar. Rundunar tana da cibiya ta musamman a Abuja kan laifukan intanet, hukumar EFCC ma hedikwatarta na Jabi kuma tana karɓar koke a rubuce. Amfanin wannan ya wuce kare kanki. Ko an tarar da kuɗi a asusun ɓarawon, banki ba zai ɗebo ya miƙo miki don kin ce naki ne ba. Riƙewar da ake yi ta wucin gadi ce. Ita kanta EFCC, a ƙarƙashin Dokar Hana Halasta Kuɗin Haram ta 2022, awa 72 take iya tsayar da asusu kafin ta nemi izinin kotu. Umarnin kotu ne ke riƙe kuɗin ya kuma dawo da su, kuma a nan ne za ki buƙaci lauya. Shawarata, ki fara tabbatar da cewa akwai abin da aka tare kafin ki kashe kuɗi a kan shari'a. Ba na son ki zuba dubu 150 wajen bin asusun da babu komai a ciki. In hali ya yi wuya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa tana da ofis a Abuja.

Wayarki kuma yanzu shaida ce. Kada ki goge saƙon lambobin nan shida don takaici, kada ki goge tarihin kira, kada ki sayar da wayar. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar irin waɗannan.

Sai maganar adashi, wadda a ganina ta fi ta bankin buƙatar hikima. Cewa ba za a kulle ki ba baya nufin ba a bin ki. A fiƙihu, wanda aka ba amana ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, amma yana biya idan ya yi sakaci. Mai kwasa za ta ce karanta wa baƙo lambobin kati sakaci ne, za ta kuma ce kin haɗa kuɗin adashi da na kasuwancinki a asusu ɗaya. In ta kai ki Kotun Yanki ko ta Majistare, ina ganin zai yi wuya ki kuɓuce wa biya gaba ɗaya. Don haka kada ki jira sammaci. Ki tara 'yan adashin duka, ki gayyato shugabar matan layinku ko wani malami da kowa ke jin nauyinsa, ki baje musu takardun banki su gani da idonsu. Ki faɗi abin da za ki iya bayarwa yanzu saboda bikin da ke tafe, da abin da za ki riƙa biya duk wata, a rubuta, kowa ya sa hannu. Ki rubuta abin da za ki iya cikawa kawai, don takardar da za ta kare ki ita ce kuma za ta kama ki in kika saɓa. Kuma ko kusa kada ki ci bashin manhajojin waya masu kuɗin ruwa don ki rufe wannan ramin.

Akwai abin da nake so ki shirya masa: za su iya sake kiran ki. Wanda aka cuta sau ɗaya lambarsa kan zaga a hannunsu. Wannan karon mai kiran zai ce shi jami'in EFCC ne ko ɗan sanda, an kama ɓarawon, an ga kuɗinki, ki turo dubu 30 na buɗe fayil. Babu hukumar da ke karɓar kuɗi ta waya don ta dawo miki da naki. Haka nan sanin sunanki da ya yi ba shaidar komai ba ce. Wasu manhajojin tura kuɗi suna nuna cikakken sunan mutum da an sa lambar wayarsa, rasit ɗin POS da muke yarwa a bakin rumfa ma yana ɗauke da wasu bayanai. BVN, lambobi 11 da aka fara bayarwa a 2014, ba ya lalacewa, ba a kuma gyara shi ta waya. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, ko lambobi ukun bayan kati, ko lambar da ta shigo ta saƙo, domin aikinsa ba ya buƙatar su.

Rigar kawai suke sauyawa. Yau banki, gobe tallafin gwamnati, jibi wani ya ce ya turo miki kuɗi bisa kuskure ki mayar masa alhali alat ɗin na bogi ne. Akwai mai cewa za a sa ki a taron ƙungiya ta WhatsApp, ki karanto lambobi shida, da kin karanta ya ƙwace shafinki ya shiga roƙon 'yan uwanki da sunanki. Akwai masu kiran mata da tsakar dare da sauyayyar murya su ce aljanu ne, a turo kati kada a faɗa wa kowa. Duk cikinsu za ki tarar da abu biyu: gaggawa, da hana ki shawara da wani. Da kin ji ɗayansu, ki kashe wayar, ki kira lambar da ke bayan katinki da hannunki. In kuma layinki ya ɗauke haka kawai alhali na kusa da ke suna da sabis, ki toshe asusunki kafin komai, don wataƙila wani ya yi walkam-bak da layin, wato ya karɓo sabon sim da lambarki. Ƙorafi kan kamfanin waya kuwa ana kai shi hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta lamba 622, kyauta.

Game da maigida, Hajiya, wannan ba maganar doka ba ce, amma zan faɗa. Ki gaya masa yau da dare. Gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin ɗan sanda a ƙofar gida, kuma za ki buƙaci wanda zai raka ki banki ya zauna kusa da ke ranar taron 'yan adashi. Na ga ma'aikatan gwamnati da malaman jami'a da aka yi wa irin wannan, babu abin kunya a ciki. Idan kin karɓo kwafin wasiƙar mai hatimi da bayanan asusun, ki duba sunayen bankunan da kuɗin suka shiga da lokacin kowace tiransifa, ki kai wa lauyan da zai tsaya miki, daga nan ne zai san kotun da zai dosa.