Me Ya Sa perf Ke Nuna Lambobi Maimakon Sunayen Ayyukan Kanel?

Tambaya: Malam, na yi amfani da perf record a kan wata sabar Linux domin in gano abin da ke cinye lokacin furosesa, na kwafo fayil ɗin perf.data zuwa kwamfutata. Da na buɗe shi, sai na ga jerin lambobi irin ffffffff9a2c41b7 maimakon sunaye. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, perf, wato manhajar Linux da ke auna inda lokacin furosesa ke tafiya ta hanyar ɗaukar samfura a kai a kai, bai lalace ba. Abin da furosesa ke miƙa masa duk lokacin da aka ɗauki samfur shi ne adireshin umarnin da ake aiwatarwa a wannan lokacin, ba suna ba. Sunan sai daga baya ake nemo shi, lokacin perf report, ta hanyar duba jadawalin da ke cewa aiki kaza ya fara daga adireshi kaza. Idan jadawalin babu shi, ko kuma na wata kanel (zuciyar tsarin Linux) ne daban, lambobin tsirara za ka gani.

Jadawalin yana samuwa a wuri biyu. Na farko shi ne /proc/kallsyms na kanel ɗin da ke gudana, na biyu kuma fayil ɗin vmlinux wanda ba a matse ba kuma ba a cire masa sunaye ba. Vmlinuz da ke cikin /boot matsattse ne, ba zai yi maka wannan aikin ba. Da ka ɗauke perf.data zuwa wata kwamfuta, ka raba shi da jadawalinsa. Perf yana gane kanel ta lambar shaidar da ake kira build-id, kuma gara da yake ƙin yin amfani da jadawalin da shaidarsa ba ta dace ba, domin sunan ƙarya ya fi rashin suna illa: mutum zai ɓata mako yana gyaran aikin da ba shi da laifi.

Akwai kuma KASLR, dabarar tsaro da ta shigo Linux a sigar 3.14 a 2014, wadda ke sauya wurin da kanel ke zama a ƙwaƙwalwar kwamfuta duk lokacin da aka tayar da ita. A kan x86_64, vmlinux yakan ce alamar _text, wato farkon umarnin kanel, tana ffffffff81000000. Mu ɗauka a sabarka _text ta faɗa ffffffff9a000000 a wannan tashin. Bambancin 0x19000000 ne, saboda haka adireshinka ffffffff9a2c41b7 yana daidai da ffffffff812c41b7 a cikin vmlinux, kuma wannan na biyun ne za ka ba manhajar addr2line idan kana son layin lambar tushe. Perf yana ajiye adireshin _text a cikin perf.data domin ya yi wannan lissafin da kansa, amma fa sai in an bar shi ya gani.

Nan ne kptr_restrict ke shigowa, wato saitin kanel da ke ɓoye adireshinta. Idan darajarta 1 ce, mai amfani da ba shi da izinin CAP_SYSLOG zai ga sifili zalla a /proc/kallsyms. Idan 2 ce, har root, mai cikakken iko a kan kwamfutar, ba zai gani ba. Ka duba da head /proc/kallsyms: in duk layukan sun fara da 0000000000000000, to an rufe. Rikodin da aka ɗauka a wannan hali ya rasa mahaɗinsa tun farko, kuma a ganina sake ɗauka ya fi sauƙi a kan lissafin hannu.

Shawarata ita ce ka koma sabar, ka ɗauki rikodin da sudo, wato da ikon root (in kptr_restrict 2 ce, sai an fara rage ta), ka kwafi /proc/kallsyms da sudo nan take kafin a sake tayar da ita, sannan ka gudanar da perf archive, wanda zai tattara fayilolin da rikodin ke buƙata. A kwamfutarka sai ka nuna wa perf report kwafin da --kallsyms, ko vmlinux ɗin da ya dace da --vmlinux. Kada ka kashe KASLR da nokaslr a kan sabar da jama'a ke amfani da ita don wannan kawai.

Bayan sunayen sun fito, ka sani cewa samfur yakan zame ya faɗa kan umarnin da ke gaba kaɗan da wanda ya jawo shi. In kana son daidaito har matakin umarni, ka ƙara :pp a sunan abin da kake aunawa, misali cycles:pp, wanda ke amfani da dabarar ɗaukar samfur daidai da ke cikin furosesa, PEBS a furosesan Intel ko IBS a na AMD.