Ga ƙanena da aka ce zai zama maroƙi

Salamu alaikum ƙanena. Ka ce kana rubuta waƙa kana kuma zane, mutanen gida sun ce maroƙi za ka zama, shi ne kake tambaya ko ka haƙura. Wallahi ina karantawa raina ya sosu, don irin abin da aka yi mini ke nan.

Ni baffana ne ya yi mini. Ina aji uku a sakandare ya tsinci littafina a ƙarƙashin katifa, waƙa ce ƙwar biyu, mai layi bibbiyu a kowane baiti, na yi wa kakarmu, ga hotonta na zana da biro tana kaɗi. Bai ko ja ni gefe ba. Sai da ya bari aka yi la'asar, dakali ya cika, ya shiga rerawa da muryar maroƙa, wai a kawo masa kalangu, mutane na ta ƙyaƙyatawa. Da ya gama ya miƙa wa mai ƙosai littafin, ina kallo tana yaga tana ƙunshi. Har yau in na je gaishe shi, baki ne kawai ke gaisuwa. Kuma fa mutumin nan kaset ɗin Imfiraji ba ya fita daga motarsa! Aliyu Namangi mai Imfirajin ba waƙa ya yi ba? Ba Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa ba?

Kada ka bari, amma ka daina nuna wa kowa da kowa. Nemi dattijon da ya san kari da amsa-amo, wato ma'aunin waƙa da dacewar sautin ƙarshen layukanta, ya riƙa duba maka. Duk shafin da ka gama, ka ɗauke shi hoto a waya.

Zane kuwa, in hoton mutum ne ke tayar musu da hankali, je tsangaya wajen masu zayyanar allon sauka, hannunka zai faɗa, ba mai cewa uffan. Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin allo ne. Sai da ya je Landan ya karanci zane, ya dawo ya gina aikinsa kan rubutun Larabcin da ya tashi da shi.

Af, ka lallaɓa mahaifiyarka, tawa ce ke saya mini biro a ɓoye, Allah ya jiƙan ta. Kuma kar ka yi sake da karatun boko, ranar da ka faɗi jarrabawa waƙar za a ɗora wa laifi.

Turo mana baiti biyu nan mu ji yadda karin yake.