Tambayi Inna: Kan rago da kayan ciki sun gagare ni

Salamu alaikum Inna. Ni amarya ce, muna zaune a Bukoki cikin Yamai. A gidanmu tsoka kawai na saba dafawa. Da Layyar bana maigidana ya yanka rago, aka miƙo mini kai da ƙafafu da tasa cike da kayan ciki, na rasa ta inda zan kama. Hanta da zuciya na soya, sauran na ba almajirai, ƙasusuwan kuma na zubar. Da uwar mijina ta zo daga Tawa ta tambayi romon kai, sai na yi shiru. Ba ta yi mini faɗa ba, amma na ga abin a fuskarta. Warin tumbi ne ke tayar mini da zuciya, ga shi kuma ina da ƙaramin ciki. Yaya zan yi?

Wata ɗiyarki, daga Yamai

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya raba lafiya. Abin da kika ba almajirai sadaka ce, Allah ya karɓa. Ƙasusuwan nan da suka tafi juji su ne suka tsaya mini a rai, kuma na san su ne suka tsaya wa Hajiya uwar mijinki.

Ni ɗiyar mahauta ce, a Tawa aka haife ni. Babana kan ce dabbar da aka ambaci sunan Allah a kanta aka zubar da jininta don mu ci, tana da hakki a kanmu har ƙofatonta. A gidanmu jini da matsarmama da abin da ke cikin tumbi kaɗai ake zubarwa. Addini ma ya buɗe mana ƙofar: hadisin Ibn Umar da Ibn Majah ya ruwaito ya ce an halatta mana jini biyu, hanta da saifa. Ke da kanki kin ga yadda Yamai take ranar Layya, raguna jingine a kan sanduna sun kewaye wuta yini guda. Me mutanen gida ke ci kafin gashin ya nuna a raba washegari? Kayan ciki.

Warin da ke damunki ba na naman ba ne, na ciyawar da ragon ya ci ne, kuma wanki ke raba ki da shi. A zazzage tumbin nesa da inda kike girki, a ɗauraye shi sau biyu ko uku. Tunda zuciyarki na tashi yanzu, wannan aikin ki bar wa wani yaro. Ki ɗora ruwa ya yi zafi sosai, ki tsoma tumbin kamar minti ɗaya, ki shimfiɗa shi a faranti ki kankare da bayan wuƙa. Baƙar fatar nan za ta riƙa saɓulewa, fari tas ya fito a ƙasanta. Sai ki murje shi da gishiri da lemun tsami. Hanji kuwa ki tatse shi tsakanin yatsu biyu, ki sa bakin buta ki zuba ruwa har ya fito garau ta ɗaya gefen, sannan ki juya cikinsa waje da tsinke. Kakata takan kitsa shi kamar gashin yarinya, ko ta naɗe guntun tumbi da shi, don kada ya tarwatse a tukunya. Ruwan tafasar farko ki zubar. A na biyu ki sa albasa, tafarnuwa, citta, masoro da ɗan kanumfari, in ya yi laushi ki soya da kitsen ragon.

Hanta tana da tarko ɗaya, wato matsarmama, ƴar jakar nan koriya da ke manne da ita. Ki yanke ta tare da ɗan naman da ke kewaye. In ta fashe, ɗacinta ba ya fita. Ƙoda ki tsaga biyu ki cire farin da ke tsakiya.

Ki buɗe ido kafin ki dafa. In kin ga ƙulli mai ruwa a hanta ko huhu, ko tsutsa mai faɗi kamar ganye, wannan a binne shi ko a ƙone. Kada a jefa wa kare, domin a cikin hanjin kare tsutsar da ke haddasa ƙullin nan ke girma, ƙwayayenta su dawo wa mutane da dabbobi. Dabbar da ba ta da lafiya kuma ba a taɓa ta. A 2016 zazzaɓin da ake kira na Rift ya kashe mutane a yankin Cintabaradan, cikin jiharmu ta Tawa, kuma taɓa jini da kayan cikin dabba mai ciwo yana cikin hanyoyin da ake ɗaukarsa.

Kai da ƙafa a babbake su da itace. Ban yarda da wutar taya ko leda ba, hayaƙinsu guba ne. Ki kankare, ki wanke, ki bugi ƙofaton ya fita. Mahauci ya fasa miki kan, ki ware ƙwaƙwalwa, ki wanke cikin hanci da haƙora da kyau, ki kankare harshe. Sai wuta kaɗan-kaɗan, wajen awa uku, har naman kumatu ya saki ƙashi da kansa. In romon ya kwana a firiji kika tarar ya daskare, bai lalace ba, jijiya da guringuntsi ne suka narke a ciki.

Ƙashi ma haka. A sassara shi, ki sa a ruwan sanyi, ki kwashe kumfar da ta taso, ki bar shi ya yi ta dahuwa. Da wannan ruwan za ki kaɗa kuka ko kuɓewa, ki ji yadda miya ke kama baki ko babu tsoka ko ɗaya. Har yau ina ganin kakata tana buga ƙashi a tafin hannunta, ɓargo ya zubo, ta lakata a lomar tuwo ta ba autan gida.

Game da cikinki: hanta tana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, amma bitamin A ya yi mata yawa, kuma yawansa na iya cutar da ɗan tayi a watannin farko. Ki ja baya da ita yanzu, ki faɗa wa ungozoma ranar awo. Romon kai da ƙafa da ƙashi ki sha abinki, in dai ya dahu sosai.

Kada ki jira Layya mai zuwa. Ki sa maigidanki ya sayo ƙafafu huɗu da ɗan tumbi ki gwada hannu. In Hajiya ta sake zuwa, ki sa a kawo kai guda, ki durƙusa ki ce mata, "Inna, ban iya ba, ki koya mini yadda kuke yi a Tawa." Ki kawo mata kujera kusa da murhu, ki riƙe wuƙar da kanki, ita ta riƙa nuna miki.