Amsa: Shin doguwar shakul tana ƙara wa taya kamun ƙasa?

Malam, ka ce kana so ka sa wa Hilux ɗinka doguwar shakul don taya ta daina juyawa a iska cikin kwazazzabai. Tana taimakawa, amma kwanciyarta ta fi tsawonta muhimmanci.

Shakul ita ce ƙarfen nan mai lilo da ke haɗa ƙarshen sifirin (jerin ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗauke da nauyin mota) da jikin mota. Idan sifirin ya danne yakan ƙara tsawo, ita ke ba shi wurin miƙewa. Idan taya ta faɗa rami kuma, ita ke sakin aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin biyu, ya bi ta ƙasa. Tayar da ta rataya kuwa ita ke kwashe ƙarfin injin, ɗayar ta tsaya cik.

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri ka leƙa. A sifirin baya, ya kamata ƙasan shakul ya ɗan karkata baya. In ta tsaya ƙyam, motar za ta yi tauri, tana tsalle a kan gargada. In ta kwanta sosai, za ta bugi firam.

Ƙarin inci 2 yana ɗaga mota kusan inci 1 kacal, tunda aksil a tsakiyar sifirin yake. Wuce haka yana sauya kusurwar farfela (sandar da ke kai ƙarfin inji ga aksil), sai karkarwa da cin kuros, wato mahaɗin farfelar. Gajeriyar shokoza (mai rage wa mota tsalle) ma za ta hana aksil sauka, kuɗinka ya tafi a banza.

In ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, nemi shakul mai kauri da ƙarfe a tsakiya, haɗe da sabon bushin, wato robar da notin ke bi ta ciki. Kada a ɗaure notin sai an sauke motar daga jak, in ba haka ba robar za ta murɗe ta tsage.