Tambaya da Amsa: Wa Ke Riƙe da Akalar Tattalin Arzikin Duniya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, kullum muna jin cewa Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya gindaya wa wata ƙasa sharuɗɗa, ko wani kamfani ya rage mata daraja wajen cin bashi. Shin gwamnatoci ne ke tafiyar da tattalin arzikin duniya, ko kuwa akalar ta koma hannun kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu? Daga wani ɗalibin jami'a.

Amsa: Wa alaikumus salam. A kan takarda, gwamnatoci ne. Su suka taru a Bretton Woods ta Amurka a 1944, ƙasashe 44, suka kafa Asusun Ba da Lamuni da Bankin Duniya, kuma su suka kafa Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a 1995. Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A Asusun, nauyin ƙuri'ar ƙasa ya danganta da yawan hannun jarinta. Amurka na da sama da kashi 16 cikin ɗari na ƙuri'u, alhali manyan shawarwari ba sa wucewa sai da kashi 85, don haka ita kaɗai tana iya hawa kujerar na-ƙi. Haka kuma tun Disamban 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta Ƙungiyar Kasuwanci ta daina aiki, saboda Amurka ta hana a naɗa sababbin alƙalai.

Wajen bashi ne ƙarfin masu zaman kansu ya fi fitowa fili. Kamfanoni uku, wato Moody's da S&P da Fitch, su ke riƙe da mafi yawan kasuwar kimanta ko ƙasa za ta iya biyan bashin da ta ci. Babu wanda ya zaɓe su, amma idan suka rage wa ƙasa maki, masu ba da rance sukan ƙara mata kuɗin ruwa, kuma kuɗin da aka ware don makarantu da asibitoci sai ya tafi wajen biyan ruwan bashi. Abin lura shi ne, da S&P ya rage wa Amurka maki a watan Agustan 2011, kuɗin ruwan da take biya sauka ma ya yi, domin masu jari ba su ga wata mafakar da ta fi takardun bashinta ba. Hukunci ɗaya ne, amma zafinsa a jikin ƙasa matalauciya ake jin sa.

Ajantina ta ɗanɗana wannan. Bayan ta kasa biyan bashinta a 2001, yawancin masu binta sun amince su yafe wani ɓangare, amma wasu kamfanonin zuba jari da suka sayi takardun bashin da araha suka ƙeƙasa ƙasa, suka ce sai an biya su cikakke. A watan Oktoban 2012 ɗaya daga cikinsu, NML Capital, ya sa wata kotun Gana ta tsare jirgin ruwan horar da sojojin Ajantina mai suna Libertad a tashar Tema, kuma ba a sake shi ba sai da kotun duniya mai kula da dokokin teku ta ba da umarni a watan Disamba. A 2016 Ajantina ta sasanta da su ta biya.

Kada kuma a ɗauka duk mai zaman kansa ɗan kasuwa ne. Gangamin neman yafe bashi na Jubilee 2000, wanda ƙungiyoyin addini da na agaji suka jagoranta, da sauran gangamin da suka gaje shi, suna cikin abin da ya matsa wa ƙasashen G8, wato rukunin manyan ƙasashe takwas masu ƙarfin masana'antu, lamba har suka amince da yafe bashin wasu ƙasashe matalauta a 2005. A 2001 ma, matsin lambar masu fafutuka ya sa kamfanonin magunguna 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kan dokar samar da magunguna masu rahusa.

A ganina, ikon waɗannan duka aro ne daga manyan ƙasashe, kuma ranar da mai abu ya so, yakan karɓe abinsa. Kamfanin NML bai yi nasara ba sai da kotunan Amurka suka tsaya masa. SWIFT kuwa, hanyar da bankunan duniya ke aika wa juna saƙon biyan kuɗi, ƙungiya ce mallakar bankuna mai hedikwata a Beljiyam, amma da Tarayyar Turai ta ba da umarni a 2022, nan take ta cire wasu bankunan Rasha, kamar yadda ta yi wa na Iran a 2012.