Ina so in kai ƙarar fadan da ya lalata ni ina yaro, amma shekara 20 ta wuce

Ɗan'uwa na karanta saƙonka daga Agege, kace kana ɗan shekara 12 kana taya hidima a bagadi lokacin da wani fada, wato limamin coci, ya riƙa kiranka ɗakinsa, yanzu kana 33, kuma ka ji a Amurka ana biyan miliyoyin daloli shine kake so mu maka Fafaroma da cocin Katolika gaba ɗaya a kotu. Sannu. Ba laifinka bane, kuma shirun da kayi duk shekarun nan ba hujja bace a kanka.

Amma bari in gyara maka lissafi tun yanzu. Kuɗin da kake ji gaskiya ne, dayosis ɗin Los Angeles, wato cocin yankin da ke ƙarƙashin bishop ɗin can, ta biya dala miliyan 660 a 2007, sai dai a can wasu jihohi sun canja doka ne, kamar New York da a 2019 ta buɗe ƙofa na ɗan lokaci ga waɗanda wa'adin shigar da ƙararsu ya wuce. Dokar su ce, bata aiki a Ikeja. Mu nan dokar wa'adin shigar da ƙara ta Legas galibi shekara 6 take bayarwa kan cutarwa, wasu nau'in raunin jiki ma shekara 3. Eh, ba'a fara ƙirga ma yaro sai ya girma, to amma ko daga 18 aka fara ko daga 21, kaga kai ka wuce, kuma abu na farko da lauyansu zai ɗaga kenan kafin alƙali ya ji kalma ɗaya daga bakinka. Ban ce babu mafita ko kaɗan ba, idan akwai shaidar an ɓoye maka gaskiya da yaudara ana iya gardama a kai, sai dai hanya ce siririya kuma ba zan maka alƙawari ba. Sannan kace a garinku can Arewa abin ya faru, to mai yiwuwa dokar waccan jihar da kotunta ne zasu yi aiki.

Fafaroma kuwa ka cire shi, Batikan, inda yake mulki, ƙasa ce mai kariya daga ƙara. Wanda ake kai ƙara shine fadan da kansa da amintattun dayosis ɗin masu rajista. Su kuma abin da suka saba faɗa shine fada ba ma'aikacinsu bane, maganar da ni bata shiga kaina, tunda bishop ne ke tura shi yana ɗauke shi. Kotun ƙolin Birtaniya ta ƙi irin wannan uzurin a 2012, alƙalanmu na iya duba hukuncin amma bai zama dole su bi ba.

Ni shawarata, lauya ya rubuta ma bishop takarda, a nemi diyya da kuɗin ganin likitan ƙwaƙwalwa da amsa a rubuce, a kuma tambayi ina fadan yake yanzu. Tun 2019 Fafaroma Francis ya wajabta ma kowace dayosis ta samar da hanyar karɓar irin wannan ƙorafin, kuma a dokar coci wa'adin shekara 20 ne daga ranar da ka cika 18, wato a nan lokacinka bai ƙare ba. Kotun coci bata maye gurbin ta gwamnati, amma tana sa su zauna. In sun yarda, akwai cibiyar sasanci ta Multi-Door a babbar kotun Legas, a rufe ake zama kuma ya fi shekarun da zaka kwashe kana zarya.

Kada kaje wajensu kai kaɗai, kada ka karɓi ambulan ɗin kuɗi, kada ka sa hannu a takardar da zata hana ka zuwa wajen ƴan sanda. Sulhu na diyya ne kawai, laifin kansa ba'a sasanta shi, a Legas ɗaurin rai da rai ne kan lalata yaro. Kada kuma ka rubuta sunansa a Facebook tukuna, ƙarar ɓata suna zasu dawo maka da ita.

Ka tattara katin baftisma, hotunan lokacin, da sunan wanda ka fara gaya ma. Cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja da DSVA, hukumar Legas mai yaƙi da cin zarafi da fyaɗe, suna sauraron irin wannan kyauta. Idan mutumin har yanzu yana kusa da yara, wannan rahoton kada ya jira sulhu, a kai shi satin nan.